Tsayin Gwiwa

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

An buɗe fili yau. Manoman hanyar Bazaga sun gama yankan gero, sun kwashe wake, sun ce mu shiga kamar kowace shekara, da sharaɗin nan na kullum: kada a taɓa harawar da ke kan itatuwa, kuma da saukar ruwan farko mu tattara tutocinmu. Rami tara. Ni na auna su da hannuna lokacin da muke mu huɗu masu buga golf a Konni. Ukun suna makabarta. An zuba rairayi a bakin kowane rami, an kwaɓa da baƙin man mota, an daddaɓe. Warin nan kaɗai ya sa na ji kamar da sauran raina.

Sai taro a gindin gawo. Kaftin Idrissa na duwan, wato kwastan, wanda aka kawo garin nan bara, shi aka zaɓa shugaba. Yaro ne mai ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce 'yan Yamai za su zo mu kara ranar takwas ga Disamba, kuma ba za su yi wasa da dokar da duniya ta bari tun 2019 ba. A bar tuta cikin rami in an ga dama. A rage lokacin neman ƙwallon da ya ɓace. Sai babbar: in ƙwallo ya faɗa inda ba ya buguwa, aka ɗauko shi za a sake shi a gefe, daga tsayin gwiwa za a sake shi, ba daga kafaɗa ba.

Shekarun nan duk ni na tare ƙofa, sabuwar dokar ba ta shigo ba. Na miƙe na ce mutum ya tsaya sosai, ya miƙa hannu daidai kafaɗa, ya saki. Haka na koya wa duk wanda ke zaune a nan. Na ce wasan mutunci ne, ba tsintar gyaɗa ba. Alhaji Usman mai tireloli, da ke kirana Mushe irin na Faransanci kamar kowa, ya ce, "Mushe Maikano, kafaɗa da gwiwa duk naka ne, ba aro za ka yi ba." Aka yi dariya. Aka ɗaga hannu. Ni kaɗai na ƙi.

Abin da ban faɗa ba: bayana ba ya lanƙwasuwa. Tun bara. In na sunkuya, ban da tabbacin zan ɗago. Labo mai kabu-kabu, da ke kai ni kuma yake ɗaukar mini jakar sanduna, shi ke aza mini ƙwallo, shi ke ciro shi daga rami. Doka ta yarda. Mutane na cewa mulki ne irin na tsofaffin ma'aikata, ni kuwa na gwammace a ce mulki. Amma sakin ƙwallo, ɗan wasa ne da hannunsa, a tsohuwar doka da sabuwa. Filinmu kuwa duk kututturen kara ne da ƙaya da kashin shanu. Ba a zagaye shi ba a saki ƙwallo ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ɗakin baya, gidan Sufyan. Taga ɗaya, tana kallon katangar maƙwabta. Na san kowace tsaga da ke jikinta.

Sufyan ɗana ne, amma shi ke da gida, shi ke da motocin dakon albasa, shi ke riƙe da makullin motona tun ranar da likita ya yi magana. Ni, mutumin da ya yi karatu a Yamai da Dakar, ya auna rabin gonakin jihar nan, yau sai ya nemi izini kafin ya fita. Lahadi kaɗai ya bar mini, don na ce mishi golf tafiya ce a tsaye, ba sunkuyo a ciki. A lokacin gaskiya na faɗa.

In Lahadi ta tafi, ban ga abin da ya rage ba sai katangar nan.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Babu wanda ya zo. Rediyo, fura, katanga.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na ji ladan, na ji takalman mutane a lungu. Ban fita ba.

A bakin gado nake salla, a zaune, ƙofa a rufe. Allah ya sani, shi ba na ɓoye mishi. Kujerar ƙarfe mai naɗewa da Sufyan ya sawo mini tana bayan ƙofa, da ledarta. Ya ce in riƙa tafiya da ita masallaci, in zauna a gefen sahu inda tsofaffi ke jera nasu. Na san wurin. Na sha wucewa ta gabansu da sauri, ina gaishe su da irin muryar da ake gaida mara lafiya. Ba zan zauna can a gaishe ni da ita ba.

Na san wannan ba hujja ba ce. Na rubuta ne kawai.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Da ba ni abin ya shafa ba, da na yi dariya har hawaye.

Kowa da irin tasa. Usman ya tattare riga ya cusa a hammata, ya buɗe ƙafafu, ya sunkuya yana nishi, tumbi ya hana shi ganin gwiwar tasa, sai da ya tambayi na kusa ko ya kai. Dokta Zaharaddini tsugunawa yake kamar mai hura wuta. Wani soja ya kai gwiwa ɗaya ƙasa kamar za a ɗauki hoto. Madam Nazifa ta lakwal, makarantar bokon 'yan mata, ita ta fi kowa, ta ɗan karkata gefe ɗaya, ta saki, ta wuce. Ta ce ai yanzu ƙwallo ba ya tsalle ya koma cikin ƙaya, an huta. Gaskiya ne, amma ban ce mata ba. Tuta kuma sun bar ta cikin rami suna buga mata, tana ƙara kamar an jefi kwano. Da, bugu biyu ake ci wa mutum tara a kan wannan. Ni na sha cin su.

A rami na biyu nawa ya shige gindin sabara. Labo ya ciro ya ba ni. Na tsaya, na miƙa hannu daidai kafaɗa, na saki.

Kaftin ya matso, ya sassauta murya. "Mushe, a sake, don Allah. Daga gwiwa."

Na ce na saki.

"To za a ƙara bugu ɗaya."

Na ce a ƙara. Haka muka yi har ƙarshe, ina saki yana ƙarawa, ba wanda ya ɗaga murya. Na zo na ƙarshe, bayan Usman ma, wanda bai taɓa ganin bayana ba sai daga nesa.

Da muka taru gindin gawo Kaftin ya ce yau tsakaninmu ne, ba komai. Amma gaban baƙi ba zai sa sunan wanda ke karya doka da gangan ba. Bai dube ni ba da ya faɗa. Kowa ya dube ni.

Labo a hanya: "Mushe, ka faɗa musu mana." Na ce ya kula da hanya, ga jaki can.

Talata, 12 ga Nuwamba

Wauta.

Bayan azahar na rufe ƙofa, na ɗauki ƙwallo. Na ce in gwada sau ɗaya, a hankali, wataƙila tsoro ne kawai. Hannuna ya kai tsakiyar cinya. Na ƙara kaɗan. Wani abu ya kama ni a ƙugu kamar an buga ƙusa, na tsaya a nan, ba sama ba ƙasa, hannu ɗaya a bango. Ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado abinsa.

Ban san daɗewar da na yi ba. Ban yi kira ba. Rahama, matar Sufyan, ita ta kawo kunu, ta yi sallama ta sake yi, ta turo ƙofa. Surukata. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskata ba, ta same ni a duƙe kamar akuya na cin ciyawa a bakin danga.

Ba ta yi ihu ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ajiye kwano, ta fita, ta dawo da taɓarya. Ta kafa ta gabana, ta juya fuska ga ƙofa. "Baba, ku kama nan, ku hau a hankali." Na bi taɓarya hannu bayan hannu har na miƙe. Da taɓaryar daka.

Na ce kada ta gaya wa mijinta. Ta ce, "Ba ni faɗi, Baba. Amma in ya tambaye ni, ba ni yi mishi ƙarya."

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ya tambaya. Ya ga yadda nake tafiya.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, hula a hannu, ya ce, "Baba, wasan ga ya isa haka nan." Na ce ban nemi shawararsa ba. Ya ce ya riga ya gaya wa Labo kada ya zo ran Lahadi. Na ce ni na haife shi ko shi ya haife ni. Ya ce, "Ku kuka haife ni, shi ya sa ba ni son a ɗauko mini ku daga gonar mutane cikin amalanke."

Sai da ya miƙe zai tafi ya faɗi wadda ta zauna mini. "Mutane na tambayata ku a masallaci, ina cewa ba ku da lafiya. Ran Lahadi kuma su gan ku bayan moto da jakar sanduna. Mi zan ce musu, Baba?"

Ya sa hularsa ya fita.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na yi wanka, na sa farar rigar wasa, na zauna a bakin gado. Kowane moto da ya wuce lungu sai na ɗaga kai.

Yanzu suna rami na huɗu, wanda ke bayan tsohuwar rijiya. Yanzu iska ta juya, Usman zai buga hagu kamar kullum. Na zagaye filin duka daga nan, ban saki ƙwallo ko sau ɗaya ba.

Da la'asar na cire rigar na ninke.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Usman ya zo, da kankana a hammata da surutunsa. Ya cika ɗakin. Ya ce fili ya lalace, babu mai yi wa mutane tsawa, har ya buga sau biyu a rami ɗaya ba wanda ya ƙirga. Na ce ba sabon abu ba ne.

Na fara yi mishi bayanin mutuncin wasa. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce, "Kai, tsohon banza. Ba kai ka ba mu labari ba, da kuna samari a Yamai ta bayan kafaɗa ake jefa shi, mutum bai ko ganin inda ya faɗa? Da aka canza aka ce a miƙa hannu gaba, ka mutu?"

Na ce lokacin daban.

"Lokacin kana da baya," in ji shi.

Na dube shi. Ya ci gaba da yanka kankana. Ya ce tun bara suka sani, dukansu. "Kana zaton mun yarda mulki ne? Mutumin da ke hana yaro taɓa mishi ƙwallo, rana ɗaya ya koma sai an aza mishi? Mun yi shiru ne don mun san halinka."

Shekara guda ina wasan ɓuya a fili, kowa na kallona.

Sai saƙon da ya kawo. Kaftin ya yi magana da 'yan Yamai, sun yarda, saboda shekaruna da kuma ni na kafa fili, ni kaɗai in saki daga kafaɗa. Ba tara.

Na ce ya ɗauki kankanarsa. Ni da na ci Dokta tara ranar da ya dawo daga jana'izar wansa, don doka ba ta san jana'iza ba. Ni za a yi wa rangwame gaban baƙi, a ce ga tsohonmu, a bar shi ya yi yadda yake so, kamar yaron da ake bari ya ci wasa don kada ya yi kuka. Usman ya ce, "To zauna nan kai da katanga, ku yi ta doka." Ya bar kankanar. Na sha. Tana da zaƙi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ban sa rigar ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Gadon ya yi mini laushi, tashi daga kansa ya zama aiki. Rahama ta lura. Da ta zo shara sai ta cire ledar kujerar nan, ta buɗe ta kusa da taga, ta fita. Na bar ta a buɗe har azahar don kada a ce.

Na zauna. Ƙarfe ne mai tauri, baya a miƙe. Tashi ba wuya, in na dafa gwiwa.

Ƙwallon da ya shige ƙarƙashin gado ta sharo shi ta aza a taga. Ina juya shi a hannu, hannun a sake a gefen kujera, ina tunanin wani abu daban. Ya suɓuce. Ya faɗi, bai yi tsalle ba, ya tsaya nan kusa da ƙafata.

Na daɗe ina kallonsa.

Tsohuwar sana'a ba ta barin mutum. Na ɗauko ma'aunina daga akwati. Na tsaya jikin bango, na sa Rahama ta yi alama da gawayi daidai gwiwata. Na zauna, na saki hannu. Ya wuce alamar ƙasa da kaɗan. In na ɗan ɗaga shi, daidai. Bayana bai motsa ba ko kaɗan.

Na kira Usman a salula. Na ce ya tambayi Kaftin, ba don ni ba, don sani kawai: dokar ta ce sai mutum na tsaye? Ya kira bayan la'asar yana dariya. Tsayin gwiwa kawai ta ce, yadda gwiwar take in mutum na tsaye. Ko ka sunkuya, ko ka tsuguna, ko ka kwanta, ruwanka. "Wa ke tambaya?" Na kashe.

Ba rangwame ba ne ke nan. Doka ce, tawa da ta kowa.

Amma kujera ce. A tsakiyar fili, gaban 'yan Yamai, Labo na buɗe mini kujerar tsofaffi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na gaya wa Sufyan, a taƙaice, kamar labarin wani. Ya saurara har ƙarshe. Ya dubi alamar gawayi a bangonsa.

Ya ce, "Kujerar ga don masallaci na sawo ta. In ta je can, ta je ko'ina."

Ɗan kasuwa. Uwarsa ma haka take, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ba ni abu ba tare da ta ɗaura mishi igiya ba.

Na ce zan duba.

Talata, 3 ga Disamba

Ban duba komai ba. Na saki ƙwallo daga kujera ya fi a ƙirga. Rahama ta bar mini tsintsiya mai dogon hannu don in riƙa jawo shi.

Juma'a, 6 ga Disamba

Sufyan ya so ya ɗaukar mini kujerar zuwa masallaci. Na ce a'a. Ni na riƙe ta tun daga ƙofar gida, tana bugun ƙafata, lungun ya yi tsawon da ban san shi da shi ba.

Gefen sahu. Wani tsoho ya ja tasa ya ba ni wuri bai ko dube ni ba. Na kusa da shi kuwa Muttaƙa ne, wanda muka yi lakwal tare, na zaci ya daɗe da barin gari. Ya leƙo ya dubi kujerata, ya taɓa ƙarfen. "Taka ta fi tawa. Tawa ƙafa ɗaya gajera ce." Shi ke nan gaisuwar.

Mutum biyu sun gaishe ni da muryar nan. Na ji ta. Ban mutu ba.

Na manta yadda amin ke tashi in mutane sun yi yawa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Labo ya zo da wuri, ya ɗaure jaka a gefe, kujera a baya da igiyar roba. Yana ta ɓoye murmushi cikin rawani. Na ce ya kula da hanya.

'Yan Yamai takwas, da huluna da takalma masu tsada. Sun yi ta ɗaukar hoton shanun da suka ratsa rami na ɗaya. Aka haɗa ni da wani matashi ma'aikacin banki, da Madam Nazifa.

Rami na uku, ƙwallona ya shige kututturen kara. Na tsaya a kansa. Na ga Kaftin daga nesa ya juya baya yana duban wani abu a sama, don ya ba ni dama in yi yadda na ga dama. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na ce, "Kaftin! Zo ka duba, aikinka ne."

Ya zo. Labo ya buɗe kujera, ƙafafunta suka nutse a rairayi, sai da ya gyara. Na zauna. Na ɗaga hannu kaɗan, na ce ya duba tsayin. Ya tsuguna ya duba da gaske, bai yi mini alfarma ba. Ya ce, "Ƙara sama kaɗan, Mushe." Na ƙara. "Daidai." Na saki.

Daga rami na huɗu Usman ya ƙwala, "A kawo wa sarki shayi mana!" Na ce ya fara gano gwiwarsa tukuna. Yaron bankin ya tambayi Labo inda ake sayar da irin kujerar, wai don babansa.

An cinye mu. Ni na zo na goma sha ɗaya, gaban Usman. A rami na bakwai na bar tuta a ciki, don Labo yana nesa ne kawai, ƙwallon ya buge ta ya faɗa. Ƙarar ba ta da daɗi har yanzu.

Dokar banza ce, ban canza magana ba. Wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa ciwon baya ba.

Bayana na zafi. Rahama ta kawo ruwan ɗumi. Ta tambaya ko ta goge gawayin da ke bango, na ce ta bar shi.

Kujerar na ce a ajiye ta a zaure, kusa da ƙofa. Ba don komai ba, bayan ƙofar ɗaki tana tare hanya. Kuma na gaya wa Muttaƙa zan zo mishi da ɗan katako ran Juma'a, a sa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar nan. Ba a auna ta daidai ba tun farko.